Zauren da Muka Yi wa Rawuta

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini duk abin da ke cikin kai, ba na jin zai iya kwashe makon da na kawo rawuta, na'urar raba intanet, gidanmu na Mandawari. Kwana huɗu ne kacal, daga Litinin zuwa Alhamis. A cikinsu na yi fariya, na yi fushi, na sha kunya, na kuma ga Baba yana dariya hawaye na bin gemunsa, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Baba yana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baffa ko da yake ba mu taɓa sa shi a ido ba. Tun Baba bai fara gemu ba Baffa ya kama hanyar Makka ta ƙasa. Ya sauke farali lafiya, a hanyar dawowa ya yada zango a wani ƙauye a Sudan, wai zai yi noman damina ɗaya ya haɗa guzuri. Damina ɗaya ta zama arba'in da 'yan kai. Ya yi aure a can, ya hayayyafa, hanyar gida ta yi ta nisa. Da fari wasiƙa suke yi wa juna da ajami, daga baya suka koma aika kaset ta hannun alhazai, sannan aka zo zamanin waya, inda Baba zai yi ta ɗaga murya yana cewa "Kana ji na?" har magana ta yanke. Fuska kuwa, sai wani ɗan hoto baƙi da fari da Baba yake ajiyewa a cikin gafakarsa, na wani saurayi mai dogon wuya da hula a karkace.

Wata rana 'yar Baffa, wadda muka saba aika wa juna saƙo a waya duk ranar da ta shiga birni, ta turo mini albishir. An yi wa Baffa aikin ido, an cire masa yanar da ta rufe masa gani shekara da shekaru. Ranar Alhamis za ta kai shi birni likita ya buɗe idon. Ƙauyensu babu sabis ɗin intanet ko na rantsuwa, amma a birni akwai, kuma bayan sun fito daga asibiti suna da kamar awa guda kafin motar ƙauyen ta tashi, ita kaɗai ce kuma a yini. Baffa ya ce abin da yake so ya fara kallo da sabon idonsa shi ne fuskar ƙanensa. Na karanta wa Baba saƙon. Ya soke allurarsa a jikin rigar da yake yi wa aiki, ya tashi ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kira salla.

To, ga inda gizo yake saƙar. Gidanmu ginin ƙasa ne tun na kakan Baba, kaurin katangarsa ya kai kamu biyu. Da rani sanyi kamar randa, amma sabis yakan zo bakin lungu ne ya yi sallama ya juya. Duk mai son kiran bidiyo sai ya hau tsani zuwa saman soro ya tsaya yana ɗaga waya sama. Baba kuwa shekara hamsin yana zaune a tabarma yana ɗinkin manyan riguna, gwiwoyinsa sun ce sun gaji, ko salla a kan kujera yake yi. Hawa tsani ba ya cikin lissafi.

Ni a lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata ta wajen Ƙofar Na'isa, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina. A gidan nan duk abin da ke da maɓalli ni ce alƙaliyarsa. Ga shi zuciyata a kusa take, halin da har yau ban gama rabuwa da shi ba. Na bugi ƙirji na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, a kan tabarmarsa zai ga Yayansa. Ranar Litinin na dawo da kwali a hannu: farar rawuta mai cin sim, da eriya biyu a tsaye. Inna ta leƙa ta ce wannan ai zomo ne aka yi masa wayar wuta.

Yinin ranar na yi shi ne ina yawo da rawutar ɗaki ɗaki, doguwar waya na bina a ƙasa, ina kallon 'yan fitilunta. A ɗakin Inna fitila ɗaya ta kama, ita ma ja. A tsakar gida biyu. Na hau turmi na ɗaga ta sama, Inna tana cewa in sauko kar a ce 'yarta ta taɓu. A ƙarshe na dace a soron tsakiya, wanda ya raba zaure da cikin gida. Akwai wani tsohon alkuki can sama a jikin bango, inda ake ajiye fitilar aci-bal-bal a da, ga 'yar taga kusa da shi tana kallon gabas. Ina ɗora ta a nan fitilu huɗu suka kama kore shar. Wurin yana sama, yana tsakiyar gida, babu ƙarfe kusa da shi, abin da take so ke nan.

Daga nan na zauna da kwamfutata na shiga ɗakin saitinta. Kowace rawuta tana zuwa da makulli biyu daga kamfani, a manne a jikinta: na shiga waifai, da na shiga wurin da ake juya ta. Na biyun nan duk wanda ya taɓa sayen irinta ya san shi, don haka shi na fara canzawa. Na canza mata suna, na zaɓi kulle mafi ƙarfi da take da shi, na bar ta ta sabunta manhajarta. Tana da hanya biyu ta aika sabis, ɗaya mai gudu amma ba ta iya keta bango, ɗaya mai tafiyar hankali amma tana kai wa nesa. Da irin katangarmu ba sai an yi shawara ba, ta biyun na ɗora wayoyin gida a kai. Na haɗa mata ɗan batir saboda masu ɗauke wuta. Sai na ƙirƙiro doguwar kalmar sirri, haruffa da lambobi a cakuɗe, na rubuta a takarda na miƙa wa Baba na ce ga makullin, duk wayar da aka sa mata shi za ta samu. Iyakar bayanin da na yi masa ke nan, kuma a nan na yi kuskurena na farko ban sani ba.

Ranar Talata na dawo daga makaranta, tun daga zaure na duba waya na ga babu waifai. Na ɗaga kai, alkuki wayam. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, ɓarawo ya riga Baffa. Na shiga gida ina salati, na tarar da Inna ta miƙe ƙafa tana tsince shinkafa hankalinta kwance. Ta ce in daina haki, ta adana mini zomona. Hadari ya haɗo da hantsi, kuma alkukin nan yana yoyo, ita ba za ta zuba ido abu mai tsada ya jiƙe ba. Ta kai ni ɗakinta ta nuna mini babbar kwallar da take ajiye kayanta masu daraja. Ga rawutata a ciki, an naɗe ta da sabon zane, an rufe murfi ruf, wayar wutar ta leƙo ta gefe. Inna ta ce ai ba ta kashe shi ba, ta bar masa wutarsa.

Na ciro ta da zafi kamar dafaffen ƙwai. Dariya ta ci ƙarfina, na zauna a bakin gado ina yi har da riƙe ciki. Na yi wa Inna bayani cewa ƙarfe yana tare sabis, kuma abin yana son iska. Da a nan na tsaya da na tsira. Amma bakina bai san birki ba, sai na ƙara da cewa don Allah abin da mutum bai sani ba ya bar wa masu shi. Inna ta dube ni, ta ninke zanenta, ta ce, "To, Malama."  Abin haushin, da na hau saman soro na duba, gaskiyarta ce: indararo ya toshe da ganye, ruwa yana taruwa daidai kan alkukin. Na share shi, na mayar da rawutar wurinta, ban kuma ce mata ta yi gaskiya ba.

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya, na ce bari in gwada kira da wata abokiyar aikina don in tabbatar. Fuskarta ta fito, ta buɗe baki za ta gaishe ni, sai ta daskare a haka, baki a buɗe. Na sake kira, muryarta ta riƙa zuwa gutsure gutsure. Fitilu huɗu duk kore, rawuta tana wurinta, Inna ba ta taɓa ta ba. Na shiga ɗakin saiti na buɗe jerin wayoyin da ke kanta. Wayoyin gidanmu huɗu ne. Abin da na gani talatin da ɗaya.

Na zari mayafi na fita. Lungunmu da ba ya tara mutane sai ranar suna ko rasuwa, ranar ya cika. Samari a kan dakali, masu dako sun jingina kurarsu da bango, har mai shayin bakin titi ya matso da bencinsa, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Na juyo na dubi bangon zaurenmu, sai ga kalmar sirrina, wadda na yi rabin awa ina ƙirƙira, an rubuta ta da farin alli, kowane harafi ya kai tafin hannu. Baba bai yi boko ba, amma mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana kwafar zane a kan riga, don haka bai kuskure ko ɗigo ba. A ƙasa ya ƙara da ajami: fisabilillahi.

 Na koma ciki, na canza kalmar, na danna. Daga inda nake zaune na ji lungun ya ɗauki gunaguni, ana tambayar juna ko kai ma taka ta tsaya. Wallahi daɗi na ji. Na sake kiran abokiyar aikina, hoto ya fito tas har ina ganin kwallin idonta. Na ce a raina, yau na ceci Baba daga Baba.

Bayan la'asar ya aiko a kira ni ɗakinsa. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "ke". Ya ce, ke, wa ya rufe? Na durƙusa na zazzage masa hujjoji. Na ce mutum talatin suna jan abin da aka tanada don mutum huɗu, wasu fim suke saukewa, gobe in aka yi haka fuskar Baffa daskarewa za ta yi. Na ce ba mu san kowa a cikinsu ba, wanda ya shiga layinmu yana iya leƙa abin da ke cikin wayoyinmu, yana iya aikata ɓarna da sunan gidanmu. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe ina kan bakana. Baba ya bar ni na gama.

Sai ya nuna ta ƙofa wajen rijiyarmu. Tana filin da ke tsakanin zaure da soron tsakiya, kuma tun zamanin kakansa duk lungun a nan suke ɗiban ruwa. Ya ce ko shekarar da rijiyoyin unguwa suka ƙafe, aka koma kwana ana jiran ta tsatso, ba a taɓa ɗora mata murfi da kwaɗo ba. Ya ce amininsa baduku, wanda suka yi karatun allo tare, jiya a zauren nan ya fara ganin jikarsa da aka haifa a Fatakwal. Yau ya dawo da wayar matarsa don ita ma a nuna mata, ya tarar an kulle, ya tsaya yana shafa wayar yana cewa ko shi ne ya ɓata. Sannan Baba ya faɗi maganar da ta kashe mini jiki.

"Idan sai na rufe wa maƙwabta ƙofa zan ga Yaya, kashe abinki. Zan hau tsani."

Na san Baba, in ya faɗa ya faɗa. Na kuma san gwiwar nan ba za ta kai shi mataki na uku ba. In na buɗe, kiran ya lalace. In na bar shi a kulle, Baba ba zai zauna gaban wayar ba. Ko ta ina aka bi, awa ɗayan da aka yi shekara arba'in ana jira za ta wuce a banza, kuma ni da na bugi ƙirji ce sila.

Na faɗa madafa ina kukan haushi. Inna tana tuƙa tuwo, ba ta ko waiwayo ba. Na yi ta surutu, ina cewa mutanen gidan nan ba a iya musu, an kawo musu ci gaba suna mayar da shi sadaka. Ta bar ni na zubar da duk abin da ke cikina. Sai da ta kwashe malmala ta farko sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba:

"Malama, shi zomon naki ba shi da zaure ne?"

Na ce wane irin zaure kuma? Ta ce ita dai ba ta san abin ba, an ce ta bar wa masu shi. Amma ta san gidan nan kullum cike yake da baƙi, ana ba su tabarma, ana kai musu ruwa da abinci, wasu har kwana suke yi, kuma ba a taɓa samun namiji baƙo ya zarce ɗakinta ba. Ba a kore su ba, ba su kuma shigo ba, babu wanda ya taɓa kiran Malam marowaci. In wanda ya ƙera abin yana da hankali, ai ya yi masa wurin saukar baƙi.

Na saki baki ina kallonta. Akwai shi mana. Layin baƙi ake ce masa, na gan shi ranar Litinin da idona na tsallake shi, don ina ganin ba shi da amfani. Na koyar da shi a aji ma, na ba da shi a jarrabawa. Amma sai da matar da ta kulle rawuta a kwalla ta tuna mini.

Kafin a kira magariba na gama. Na buɗe layi na biyu na sa masa suna Zaure, da tasa kalmar sirrin daban, mai sauƙin kwafa. Na saita shi yadda wanda ke kansa ba zai ga wayoyin cikin gida ba, ba kuma zai kai ga ɗakin saiti ba. Na yanka masa rabonsa na gudu, abin da zai isa saƙo da kira, amma mai son sauke fim sai ya yi furfura yana jira. Na ɗauki tsumma na goge rubutun Baba, na rubuta sabuwar da hannuna, na bar masa fisabilillahinsa a ƙasa. Da na yi masa bayani ya tambaya ko ruwan kirki mutanen zaure za su samu, ko guntu. Na ce guga ne ƙarami, amma kowa zai sha. Ya gyaɗa kai ya ce ai ko rijiya ba a zuwa mata da tanka. Ya aika aka kira baduku, a gabana matarsa ta ga jikarta ta rangaɗa guɗa daga bakin soro.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Da safiyar Alhamis na lallaɓa na roƙi Baba ya bari in rufe Zaure na awa ɗaya tak, in an gama in buɗe. Ya ce a'a, in bar shi a buɗe, shi zai yi magana. Bayan sallar azahar ya tsaya a ƙofar masallacin lungu ya gaya wa jama'a cewa yau zai ga Yayansa, kuma an ce abin yana nauyi in an yi masa yawa. Bai ce kowa ya kashe waya ba. Ya faɗi haka ne kawai ya taho.

Ya shiga ya fito cikin rigar da ya yi wa kansa aiki tun kafin a haife ni, wadda ba ta fitowa sai da salla, ya yi naɗi, ya bulbula turare. Inna ta ce masa turare dai ba ya bi ta waya, ya ce ina ruwanta. Aka shimfiɗa masa darduma a soron tsakiya, ƙarƙashin alkuki. Na leƙa zaure na ga ya cika maƙil, har waje. Sai ga baduku yana zagayawa da faifai, kowa yana kashe wayarsa yana ɗorawa, samarin dakali da masu dako da mai shayi, har faifan ya yi tozo. Na duba jerin wayoyi a kwamfuta. Guda ɗaya ce a kai, tawa. Ƙofa a buɗe take, babu wanda ya shiga.

Hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa ƙyaure, kuma kamar yadda aka saba, ɗigon farko bai sauka ba aka ɗauke wuta. Zauren ya ɗauki salati. Na ɗaga kai na ga fitilu huɗu suna nan kore, ɗan batir ya riƙe amana. Ruwa ya sauko, indararo yana zuba a waje, alkuki a bushe. Inna ta dubi alkukin ta dube ni, na sunkuyar da kai. Sai waya ta yi ƙara.

Na jingina ta da matashi a gaban Baba na amsa. 'Yar Baffa ta fito tana murmushi, ta juya wayar. Ga wani tsoho siriri a kan benci, cikin farar jallabiya, da baƙin tabarau irin na waɗanda aka yi wa aiki. Ya sa hannu ya cire shi a hankali, ya matso da fuska yana ƙifta ido. Dogon wuyan nan na cikin hoto yana nan. Babu wanda ya yi sallama a cikinsu. Suka yi ta kallon juna, har na fara tsoron ko hoton ne ya daskare, sai na ga leɓen Baffa yana rawa.

"Na ce a ba ni ƙanena," in ji shi, da wata Hausa mai ɗanɗanon Larabci, "an ɗauko mini mahaifinmu."

Baba ya fashe da dariya, hawaye suka ɓalle masa. Ya ce, "Yaya, ni ne. Tsufa ne ya same ni ba ka nan." Daga nan bakinsu ya buɗe. Baffa ya tambayi Baba ina haƙoransa na gaba, Baba ya ce goro ya karɓi zakkarsa. Baba ya ce shi da ya ce damina ɗaya zai yi, har yanzu ba a yi girbi ba ne? Suka lissafa matattu suka yi musu addu'a, suka lissafa rayayyu. Inna ta gaishe shi daga bayan ƙyaure, ya ce ta fito ya ga wadda ta iya zama da wannan mai taurin kan. Ni ma aka nuna ni, ya sa mini albarka har sai da na rasa inda zan sa kaina.

Can ya ce a zagaya da shi ya ga gida. Na ɗauki wayar, Baba ya dafa kafaɗata muka fita a hankali, ruwa ya tsagaita. Ya gane alkuki, ya gane bishiyar lemun da ya bari tana ƙarama. A zaure ya hango baduku ya kira shi da wani sunan tsokana na yarinta, tsohon ya rufe fuska da hula, jama'a suka kwashe da dariya. Muna juyowa wayar ta haska bakin rijiya, Baffa ya ce in tsaya. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tambaya ko har yanzu mutanen lungu suna shigowa ɗiba.

Baba ya ɗan matse kafaɗata. Ya ce, "Suna ɗiba, Yaya. Gidan yana nan yadda ka bar shi, ba a rufe wa kowa ba."

Baffa ya ce alhamdu lillahi, to yanzu ya ga gida. Ni kuwa na san akwai wani yammacin Laraba da aka rufe, na san wadda ta rufe, na kuma san Baba ya rufa mini asiri ne a gaban Yayansa. Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe ni. Suka yi kusan minti hamsin hoto bai ko ƙifta ba, har muka ji motar ƙauyensu tana hon, 'yarsa tana cewa ya taso.

Ba su sake ganin juna ba. Kafin wata daminar Allah ya karɓi ran Baffa a ƙauyensa. Da saƙon ya zo Baba ya yi addu'a, ya share ido, ya ce shi dai ya gode wa Allah, ya gan shi. A ranar na je na durƙusa gaban Inna na ba ta haƙurin maganar da na gaya mata a kan kwalla. Ta ce ita ta manta, amma har yau in ta so tsokanata Malama take ce mini.

Yanzu duk shekara in na zo koya wa ɗalibaina saita rawuta, ina gaya musu abin da ke cikin littafi: a ɗora ta sama, a nisanta ta da ƙarfe, a bar mata iska, a canza makullan da ta zo da su, kar a rubuta na cikin gida a bango. Sannan in ƙara musu wanda na koya a madafa. Na shiga makon nan ina ganin tsaro shi ne ka kulle kowa a waje, Baba yana ganin mutunci shi ne ka buɗe wa kowa, kuma da an bar mu mu biyu da Baffa ya koma ƙauye bai ga ƙanensa ba. Abin da na koya shi ne ka tsare cikin gidanka da kyau, amma kafin ka ɗaura kwaɗo ka tanadar wa maƙwabci wurin zama, domin ranar da kake buƙatar hanya shi ne zai kashe wayarsa ya ɗora a faifai. Rawutar farko ta daɗe da mutuwa, muna kan ta uku, kalmar sirrin zaure kuma ina canza ta lokaci lokaci. Fisabilillahin Baba dai yana nan a bango, in alli ya dushe ni nake bi in sake maimaita shi.